Guntun Ƙotar Hauya

Hauya ta farko da na ƙera da hannuna ta Malam Ɗanjuma ce, wani dogon manomi daga wajen Ƙetare. A ganina ta yi kyau. Ruwanta ya yi faɗi, bakinta ya yi kaifi, ta sha magagari har tana ƙyalli. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, ya karɓa ya juya ta, ya miƙa wa mai ita ya ce ya gwada a bayan maƙera. Malam Ɗanjuma ya sunkuya ya ja ta a ƙasa, bai jima ba ya miƙe yana dafe da ƙugu.

Ya ce, "Sarkin Maƙera, yaronka ya ƙera wa wani hauya, amma ba ni ba."

Mahaifina ya zare ruwan daga ƙota ya mai da shi wuta. Abin da ya ce mani kawai shi ne, "Ka dubi ƙarfe, ba ka dubi mutum ba."

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke zama gindin dalbejiyar bakin titi, inda sansanin soja yake a da. Ina jin abin da kuke faɗa in kun hango mu muna aiki ni da ɗana Sani, wai ƙira ba wani abu ba ce, a sa ƙarfe a wuta ya yi ja a yi ta duka. Ban ji haushi ba. Kun tashi kun tarar da garin nan yana cin abinci daga hannu guda, hannun kuma ya janye, yanzu kuna neman abin yi. In ƙira ce ta kwanta wa wani daga cikinku, gara ya san yadda take tun bai zo ba.

Ba a fara ƙira da masaba. Da zugazugi ake farawa. A zamaninmu na fatar akuya ne guda biyu, ka zauna ka riƙa danna wannan kana sakin wancan, iska ba ta yankewa. In ta yanke, ƙarfe ya huce, maƙeri ya juyo ya dube ka, kallon nan ya fi mari. Na daɗe a kan zugazugi har na ɗauka mahaifina ya manta da ni. Ashe nan ne makarantar. Mai zuga shi ne yake fuskantar wuta yini guda, shi yake koyon launinta, ya san jan da ake lanƙwasa ƙarfe da shi, da wanda ake faɗaɗa shi, da farin da in ya kai nan ƙarfen ya ƙone ya tashi aiki. Yanzu zugazuginmu na gargaren keke ne, juyawa ake yi da hannu ɗaya. Ya fi sauƙi, amma launin wuta bai sauya ba.

Sauran kayan ba su da yawa. Akwai uwar maƙera, wadda ake dukan ƙarfe a kanta. Tamu ta kakana ce, tsakiyarta har ta yi kwari. Akwai masaba babba da ƙarama, da awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da madoshi na huda, da magagari na wasa baki. Ƙarfen da muke so shi ne tsohon sifirin babbar mota. Gawayi kuwa na ƙirya, don shi ne yake riƙe zafi ba ya tartsatsi. Ƙirya a daji take. Da can mu muke shiga mu saro mu toya. Dajin nan yanzu ba namu ba ne, sai mu sayi gawayin girki ranar kasuwar Ƙanƙara mu yi haƙuri da shi.

Abokan cinikinmu manoma ne, kuma kowane gida yana da maƙerinsa. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ka ga maƙera ta cika. Wannan ya kawo sungumin shuka, wancan galmar huɗa, wani hauyar noma da ta cinye ta zama kamar cokali. Ba a ciniki a lokacin. Sai kaka ta yi, ka ga an ajiye maka damin dawa a ƙofar gida. Ni na san bayan kowane magidanci daga nan har 'Yargoje. Na san mai sunkuyawa sosai, da wanda ƙugunsa ba ya lanƙwasuwa, da bahago, da mai gaggawa da yake sara maimakon ja. Na san mai gona a jigawa, wanda yake son hauya mai faɗi, da wanda gonarsa take wajen Faskari inda ƙasa take da nauyi, shi kuma siririya mai kauri. Mutum zai shigo, in ce ya sunkuya kamar yana noma, in kalle shi daga kafaɗa zuwa ƙasa, shi ke nan na ɗauki awonsa. Tsawon ƙota, da karkatar wuyan hauya, da nauyin ruwanta, duk daga jikin mai ita suke fitowa. Haka na yi aiki har gemuna ya fara fari.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ba sai na tsawaita ba. 'Yan bindiga suka cika daji, gonakin nesa suka gagara zuwa. Aka kore shanun huɗa. Mutanen ƙananan ƙauyuka suka tattaro suka dawo bakin titi. Sannan aka kawo soja, suka kafa sansani a gefen garinmu. Mun yi murna, kuma murnar tana da dalili, don mun samu barci. Ba ni da wata magana a kansu sai ta alheri.

Aikin soja na farko da ya shigo maƙerata shingen ƙusoshi ne, irin wanda ake jawowa a tare titi. Wani saje ne ya zo da shi, baƙi mai faɗin kafaɗa, mutumin kudu, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya zana mani a ƙasa da tsinke. Muka yi mashi, ya biya a take, kuma abin da ya bayar ya fi hauya goma. Ɗana na fari ne ya karɓa. Ba zan rubuta sunanshi ba, kun san uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ku da Mai Walda kuka san shi, da shi zan kira shi.

Yaron yana da hannu. Tun yana ƙarami ya fi ni saurin gane wuta. Da ya isa noma na yanka mashi gayauna a bayan gari, na ƙera mashi hauya daidai jikinshi kamar yadda mahaifina ya yi mani, ya yi shekaru yana noma da ita. Amma ya ga abin da kowa ya gani. Sansani yana son gadajen ƙarfe, yana son murhun manyan tukwane, motocin sintiri kullum suna dawowa daga daji da abin da ya karye. Masaba ba ta yin irin wannan aiki da sauri. Ya je Ƙanƙara ya koyi walda, ya sayo inji da janareta, ya kafa rumfa a ƙofar sansani. Hauyar ya rataye ta a zaure.

Ba shi kaɗai ba ne. Garin gaba ɗaya ya juya ya fuskanci ƙofar nan. Mai shayi ya koma can, mai tsire ya bi shi. Mata suka riƙa aika ƙosai da tuwo, wasu suka karɓi wankin kaki da guga. Mai faci, mai cajin waya, mai aski, masu babur, kowa ya samu nashi. In an biya albashi, ranar har mahauci saniya yake yankawa. Gonakin nesa tsoro ya hana zuwa, na kusa kuwa babu wanda ya hana, mu muka bari. Wa zai yini yana sunkuye yana jiran kaka, alhali ga kuɗi a hannu kafin magariba? Ni ma na ci daga ciki, shinkafar da aka dafa a gidana a shekarun nan daga rumfar walda ta fito. Soja sun zo su tsare mana gona, sai muka mai da su gonar.

Maƙera ta yi shiru. Wata ran sai in hura wuta don kada uwar maƙera ta yi tsatsa. Sani, ƙanen Mai Walda, shi ne yake zama da ni, shi ma rabin yini yana wajen wanshi yana riƙe mashi ƙarfe.

Sai aka tashi sansanin. Ba da wata rigima ba, an ce an fi bukatarsu wajen Sabuwa, aka bar 'yan kaɗan a shingen titi. Da hantsi motoci suka jeru, suka ɗora gadajen da yarona ya yi masu, suka tafi. Mai shayi yana tsaye da butarshi tana tafasa. Rumfunan nan suka zauna babu kowa, iska tana ɗaga buhunan da aka rufa su da su.

Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari. Yawancin masu magana abu ɗaya suke so, a je a roƙa a dawo da sansani. Wani dattijo ya ce, "Don tsaro za mu roƙa ko don ciniki?" Daga baya wasu ma'aikata suka zo daga birni suka yi mana bayani a kan sana'o'in dogaro da kai, suka ce bai kamata gari ya rataya a igiya ɗaya ba. Gaskiya suka faɗa. Sai dai sun faɗe ta bayan igiyar ta tsinke.

Mai Walda bai jira ba. Ya same ni a maƙera ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, zan bi su."

Na ce, "Hanyar Sabuwa ka san yadda take."

"Na sani. To nan wa zai kawo mani walda? Inji ba ya cin ƙasa."

"Ga gayaunarka."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, bayana ya manta sunkuyo."

Ya ɗora inji a motar soja ya tafi, ya bar matarshi da 'ya'yanshi a gidana. Yakan zo lokaci-lokaci a kan babur da ɗan abin da ya samu. A irin wannan zuwa ne, da la'asar, aka tare hanya tsakanin Sabuwa da Faskari. Washegari aka kawo mana shi. Muka yi mashi sutura kafin azahar. Allah ya jiƙan shi da sauran Musulmi.

Bayan addu'ar bakwai sajen nan ya zo da kanshi, da injin walda da janareta a bayan mota. Ya cire hula a ƙofar zaure ya tsuguna.

Ya ce, "Baba, sannu. Yaronka mutum kirki ne. Bai taɓa cuta mu ba."

Na yi mashi godiya. Da zai tashi ya dubi Sani ya ce, "Rumfa yana nan. In ƙaninshi yana so, babu wanda zai shiga. Mu za mu ɗauke shi da mota, ba babur ba." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, na sani. Na ga inda idon Sani ya tsaya, a kan injin.

Wannan ita ce muguwar shekara. Damina ta sauka ta tarar da gari babu iri, babu shanu, hauyoyi sun yi tsatsa a bayan ɗaki. Masu ƙarfin da za su yi noma wasu suna kabari, wasu sun bi sansani, wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Hatsi ya yi tsada a Ƙanƙara. Gidajen da a da ake jin dakan safe da na yamma suka koma daka ɗaya. A gidana bakuna sun ƙaru, hannun da yake kawowa ya ragu. Sani yana da tashi matar da jariri. Wata safiya yana zuga mani wuta, ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Baba, ba son sansani nike ba. Abinci nike nema." Ban hana shi ba. Wanda zai hana mutum tafiya sai ya nuna mashi abin da zai ci in ya zauna, ni kuwa ba ni da abin nunawa. Na ce ya bari damina ta wuce. Ya bari. Rani ya shiga, na ce ya bari uwarshi ta ɗan samu natsuwa. Ya bari. Da bazara ta kewayo, dalilaina suka ƙare.

A bazarar nan ne Inna Rabi ta shigo maƙera. Matar Malam Ɗanjuma ce, dogon manomin nan na Ƙetare, wanda tun daga hauyar farko ni nake yi mashi aiki. Shi kuwa a gona 'yan bindiga suka same shi, nan ya cika. Ta dawo garinmu da jikoki. Gajeruwa ce, tsohuwa, ba ta jin kunyar kowa.

Ta ce, "Maƙeri, kana nan, ko kai ma ka bi soja?"

Na ce, "Ina nan, Inna Rabi. Ba su ɗaukar tsofaffi."

Ta zaro hauya daga ƙarƙashin mayafi ta ajiye. "Ka san mai ita. Wagga aba ta fi ƙarfina. Shi Allah ya ba shi tsawo, ni baki kawai ya ba ni. A rage mani ita."

"Ke za ki yi noman?"

"A'a, aljanu zan ɗauka haya. Wa ya rage in ba ni ba?"

Tun da nake ban taɓa yi wa mace hauya ba. A wajenmu mata suna shuka, suna roro, suna sussuka, amma noma na maza ne. Ranar ina da zuwa jana'iza, sai na bar wa Sani. Ya ɗauki zarto ya yanke wajen taƙi guda daga ƙotar, ya goge bakin, ya ba ta. Aikin bai kai shan ruwa ba.

Ba a yi kwanaki ba ta dawo tana tafiya a karkace. Ta jefa hauyar gaban Sani.

"Ɗan nan, ka rage mata ƙafa ka bar mata kai. Ina ja tana ja na. Jiya sai da jikokina suka taka mani baya."

Sani ya ce, "Inna, ai tsawo kika ce."

"To kai ba ka da ido? Ubanka haka ya koya maka?"

Ba laifinshi ba ne, shekarun da ya kamata ya koyi wannan ya yi su ne yana riƙe ƙafar gado a ƙofar sansani. Na ce ya matso. Ku ma ku saurara, don nan ne sana'ar take. In ka gajarta ƙota, hannu ya matso kusa da ruwan hauya, bakin sai ya riƙa shiga ƙasa a tsaye, yana sara maimakon yanka. Nauyin da dogon mutum yake ɗauka da kafaɗa, gajere da ƙugu zai ɗauke shi. Saboda haka sai an zare ruwan, a sa wuyan a wuta, a rage mashi buɗewa. Sai a yanke gefe da gefe, a mai da shi wuta a shimfiɗa shi ya yi sirara, a tsoma shi a ruwa da zafinshi don bakin ya yi tauri. Ƙotar ma sai an fere ta, don tafin mace ba ya zagaye abin da tafin namiji yake zagayewa. Rage hauya ya fi ƙera sabuwa wuya, don sabuwa ba ta saba da kowa ba.

Na ce Inna Rabi ta sunkuya, na ce Sani ya kalla. Shi ya yi aikin, ni ina zuga. Ta gwada a bayan maƙera, ta ja layi guda har bakin darni ba ta miƙe ba.

Ta ce, "Yanzu ta san ni." Har ta kai ƙofa ta juyo. "Ina guntun da ka yanke ran nan?"

Sani ya nuna tarin gawayi, don nan muke jefa guntaye su tayar da wuta. Ta tsuguna ta tona da hannunta har ta same shi. Ta goge da bakin zane. Itacen ya yi baƙi ya yi santsi, da ɗan kwari inda babban yatsa yake zama.

Ta ce, "Ku maƙera ba ku da hankali. Nan ne fa hannunshi yake kamawa."

Ta ƙulle shi a gefen mayafi ta tafi. Tun daga ranar ba mu sake jefa guntun ƙota a wuta ba. In mun rage hauya, mukan ɗaure guntun a jikinta mu mayar wa mai ita.

Ashe irinta suna da yawa. Sai dai yawancinsu yara ne, wasu ba su daɗe da fita takaba ba, ba za su iya zuwa maƙera su sunkuya gaban maza ana kallonsu ba, mu ma ba za mu kalla ba. Inna Rabi ce ta samo dabara. Mace za ta ɗauki karan dawa a cikin gida, ta sunkuya kamar tana noma, ta kafa shi a ƙasa ta karya daidai inda hannunta ya tsaya. Sai ta naɗa zare a jikinshi gwargwadon kaurin da tafinta yake iya riƙewa. A ɗaura karan a hauyar mijin. Inna Rabi ta bi gida-gida ta tattara a kwando ta kawo mana a ka.

"Ga matanku nan," in ji ta, in ta sauke. "Wagga bahaguwa ce. Wagga tana da goyo, a rage mata nauyi sosai. Wagga kuwa kada ku raina ta, ta fi mijin nata ƙarfi tun yana da rai."

Yawancin hauyoyin na gane su tun kafin ta faɗi gidan. Ni na ƙera su, na san bayan da na auna.

Aiki ya dawo maƙera, amma ba irin na sansani ba. Wata ta aiko da kwanon gero, wata ƙwai, wata ta ce sai kaka. Daga baya aka fara neman ƙananan sungumai, da lauje, da 'yar shebur ta masu lambu a bakin rafi, da murhun da ba ya cin itace da yawa tun da itace ya yi wuya. Kowanne kaɗan ne. In an haɗa su yakan kai tuwon dare, wata ran ba ya kaiwa. Sani ya iya aikin, hannunshi ya faɗa, amma lissafin ciki bai fita ba. Da sajen ya aiko cewa ranar kasuwar Ƙanƙara motarsu za ta biyo ta koma Sabuwa, Sani ya goge injin walda ya ɗaure shi da igiya a zaure. Ya gaya mani yana durƙushe, a wurin da wanshi ya durƙusa. Na ce Allah ya tsare.

Ranar da safe na hura wuta kamar kullum. Sani ya zo sallama da jakarshi a kafaɗa. Muna nan sai ga uwarshi ta fito daga cikin gida, abin da ba ta saba ba, don ba ta shiga maƙera. Tana riƙe da hauya, da kara ɗaure a jiki.

Ta ce, "Malam, uwar su Nana ce ta ce a rage mata."

Surukata ke nan, matar Mai Walda. Garinsu ya watse, sai ta zauna tare da mu bayan takaba. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga nesa, kamar yadda aka saba.

"Ta ce gayaunarshi ba za ta sake kwana saura ba bana. Ta ce ta gaji da zama a ci da ita."

Na karɓa. Ban lura da ranar da aka sauke ta daga zaure ba. Ruwan ya yi tsatsa amma bai ci ba, sifiri mai kyau na yi mashi da ita. Karan gajere ne ƙwarai, zaren da ta naɗa bai fi kaurin yatsa uku ba. Na ɗauki awartaki na ajiye. Na ce wa Sani, "Kafaɗata tana ciwo yau."

Ya dube ni. Ya san lafiyar kafaɗata ƙalau, jiya muka shimfiɗa galma tare. Ya sauke jakar ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun riga.

Ya ce, "Baba, zuga mani."

Ya zare ruwan, ya kankare tsatsar, ya sa wuyan a wuta. Ya aza karan a jikin ƙota ya yi alama da gawayi. Ya daɗe yana riƙe da zarto kafin ya yanka. Ruwan yana cikin wuta karo na biyu, ya fara ja, muka ji ham a bakin titi. Sajen ya leƙo.

"Baba, ina kwana. Yaro ya shirya?"

Sani bai saki awartaki ba. Ya ce, "Oga, ƙarfe na wuta."

"Minti nawa?"

"Ba a barin shi in ya yi ja. In ya huce a haka, ya lalace."

Sajen ya shigo ya tsaya. Ya ga karan dawa da zare, ya ɗauka yana juyawa, ya tambayi ko mene ne. Na gaya mashi awon mace ne, na gaya mashi hauyar wa ce. Ya ajiye karan a hankali inda ya same shi. Ya tsaya yana kallon Sani yana shimfiɗa ruwan, masaba tana sauka daidai. Direba ya sake yin ham.

Ya ce, "Baba, mu za mu wuce. Wani sati muna nan." Ya fita.

Sani ya gama wajen azahar. Ya fere ƙotar har ta yi daidai da zaren, ya ƙona ramin, ya zura ruwan, ya wasa baki. Ya ɗaure guntun a jiki kamar yadda muke yi wa kowa, ya kai cikin gida. Da la'asar na hango surukar tawa daga nesa a gayaunar, Inna Rabi tana tsaye a kanta tana nuna mata yadda ake ja.

Kafin magariba uwar Sani ta sake leƙowa, ta ajiye guntun ƙotar a kan uwar maƙera.

Ta ce, "Ta ce ita ta samu hauyar. Wanga na Baba ne."

Ban taɓa shi ba. Na rufe wuta da toka, na tafi masallaci.

Da na zo da safe, ƙotar magagarinmu, wadda ta daɗe da tsagewa muna ɗaure ta da waya, an cire ta. An sa sabuwa, baƙa mai santsi, da ɗan kwari a gefe. Sani yana zaune yana wasa lauje da shi. Na wuce na hura wuta.

Motar soja takan wuce har yanzu, ta yi ham, Sani ya ɗaga hannu daga inda yake zaune. Injin walda ya kwance shi, yana gwada haɗa abin ɓarar gyaɗa na hannu, don matan sun ce shi za su nema da kaka. Jakar kuwa tana nan a ƙusa, bai sauke ta ba. Ko ya zauna ke nan, ban sani ba. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne duk safiyar da Inna Rabi ta sauke kwando, ranar ba zai tafi ba, kuma ita kaɗai ba za ta iya cika kwandon nan har abada ba. Sai an koma gona, maza da mata, sai lambu ya yi yawa, sai mai shayi ya samu manomin da zai sayar wa, kafin maƙera ta iya riƙe mutum.

To ga ƙira kun ji. Wanda yake so ya zo bayan sallar asuba, ba sai ya kawo kome ba. Zai fara da zuga, zai kuma daɗe a kai. In an aike shi ya ɗauko magagari, shi ne mai baƙar ƙota, yana rataye kusa da ƙofa. A yi aiki da shi, don aiki aka sa shi. In an gama a mai da shi inda yake.